Fankar lantarki ga tsohuwar motar gudu: wacce za ka ɗaura, kuma me zai riƙa kunna ta?

Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyarin tsohuwar motar gudu ta Ingila irin su MGB ko Triumph TR6 ko Austin-Healey 3000 cikin cunkoso da rana tsaka ya san inda idonsa yake maƙalewa, wato kan allurar agogon zafi. Muddin mota na tafiya, allura na kwance a tsakiya abinta. Da an tsaya minti biyar injin na sulo, sai ta fara rarrafe zuwa ja, kai kuma ka shiga lissafin ko ka kashe mota ko ka kunna hita a wannan zafin don ta ɗan ɗebe wa injin wahala.

Dalilin ba boyayye ba ne. Fankar da aka ƙera yawancin waɗannan motoci da ita injin ne ke juya ta, ko ta fambel ko kai tsaye daga karanshaf. Saboda haka tana yin sanyin jiki a daidai lokacin da aka fi bukatarta, sa'ad da injin ke juyi 800 ko 900 a minti kuma babu iskar da ke shigowa ta gaba. A kan babban titi kuwa, inda iskar gudu kaɗai ta wadatar tun daga wajen kilomita 50 a awa, a nan ne take ta haƙilo tana ihu. Kuma ƙarfin da fanka ke ci ba ya hawa daidai da juyinta: in juyi ya ninka biyu, abin da take zuƙa daga injin ya ninka takwas. Masu ƙera motocin da kansu sun gane haka. Jaguar E-Type tun fitowarta a 1961 da fankar lantarki ta zo, ƙarama mai fiffike biyu, kuma a ƙirar 1968 aka mai da su guda biyu. MGB ma, wadda aka fara a 1962 da fankar injin, ta koma ta lantarki a ƙirar 1977, guda ɗaya a motocin Ingila, biyu a na Amurka.

Kafin ka kashe ko sisi, ka tambayi kanka yaushe motar ke zafi. In a tsaye ne ko a tafiyar hawainiya, sannan ta huce da zarar hanya ta buɗe, to ƙarancin iska ne, kuma fanka maganinsa ce. In kuwa kana cikin gudu ne allura ke hawa, ko a hawan dutse, fankar duniya ba za ta cece ka ba. Wannan lagireto ne ya toshe da tsatsa da laka ta shekara hamsin, ko famfon ruwa ya cinye, ko taimin ya goce, ko kafireta ba ta ba da isasshen mai, ko gasket ya fara ba da kai. A gyara wannan tukuna.

Zaɓi na farko, kuma wanda mutane suka fi yi da gaggawa, shi ne ko a cire fankar injin gaba ɗaya ko a bar ta a ƙara mata ta lantarki a matsayin mataimakiya. A ganina amsar ba ta wajen lagireto, tana wajen abin da ke caja batir. Motocin Ingila na farkon shekarun 1960 da dainamo suke zuwa, kuma wanda ya fi yawa, Lucas C40, iyakar abin da yake bayarwa amfiya 22 ne, shi ma sai injin ya ɗauki juyi. A sulo kusan ba ya ba da komai, shi ya sa jar fitilar caji ke ƙyaftawa in an tsaya. Fankar lantarki mai faɗin inci 12 kuwa takan sha tsakanin amfiya 7 zuwa 12. Ka ɗora fitilun gaba da ke shan kusan 10, ga kwayil, ga waifa in ana ruwa. Ke nan a cikin cunkoson dare batir kaɗai ke ɗauke da wannan kaya duka, a daidai wurin da fanka ta fi daɗewa tana aiki. Wanda ya cire fankar injin ya bar dainamo ya sayar da matsalar zafi ne ya sayi ta turin mota.

In motarka na da altaneta, ko kana shirin sa mata, lissafi ya canza. Ko ƙaramin Lucas 16ACR yana ba da amfiya 34, 18ACR ya haura 40, kuma dukansu suna caji tun daga sulo. A nan cire fankar injin ya fi: injin zai yi saurin ɗumi da safe, hayaniya ta ragu, famfon ruwa ya huta da nauyin da ke rataye a hancinsa, kuma ka sami wurin da za ka sa fankar lantarki a inda ta fi amfani. Wanda kuma yake son motarsa ta zauna yadda ta fito daga masana'anta, da dainamonta da komai, ya bar fankarsa, ya ɓoye 'yar ƙarama a gaban lagireto wadda ba ta tashi sai an shiga takura. Ba laifi ba ne, kuma yana da wata riba: in wayar lantarki ta ci amanarka a hanya, kana da abin da ke kaɗa iska.

In za a cire ta, a lura da abin da take riƙe da shi. A MGB kusoshin da suka ɗaure fanka su ne suka ɗaure fulin famfon ruwa, to da fanka ta fita tsawonsu zai yi yawa, sai an nemi gajeru ko an cike gurbin. A TR6 fankar na kan wani ƙarfe ne da ya miƙo daga karanshaf, kuma babbar kusar da ke riƙe da shi ita ke riƙe da fulin injin, don haka akwai kayan maye gurbi na musamman da ake sayarwa don wannan aikin. Ba wurin dabara ba ne.

Sai batun gaba ko baya. Fankar da ke bayan lagireto, ta ɓangaren injin, zuƙo iska take yi. Wadda ke gaba, bayan ragar hanci, turawa take yi. Mai zuƙowa ta fi aiki, kuma dalilai biyu ne. Iskar da aka zuƙo tana ratsa saƙar lagireto ne a shimfiɗe, yayin da wadda aka tura takan bugi saƙar wani ɓangare ya tarwatse ta gefe. Na biyu, fankar da ke gaba, da gidanta da ɗan injinta, tana tsaye ne a bakin ƙofar iska, ta tare wa lagireto wani kaso na iskar gudu ko da a kashe take. Amma tsofaffin motocin gudu ba su da yalwar ciki. Ka sa awo tsakanin saƙar da hancin famfon ruwa. Siraran fankoki kaurinsu yakan kai santimita 5 zuwa 6 da ɗoriya a tsakiya, kuma kana bukatar ka bar aƙalla kaurin yatsa, domin injin yana motsi a kan robobinsa in an taka burki da ƙarfi. Wani lokaci dabarar ita ce a goce fankar gefe kaɗan don ɗan injinta ya kauce wa fulin. In wuri ya ƙi, a sa ta gaba ba tare da jin an yi asara ba, ai MGB ta 1977 ma a gaba aka sa mata. Sai dai a MGB ta farko akan sami ɗan lagireton man injin a zaune a gaban na ruwa, shi ma sai an yi masa lissafi.

Akwai kuskuren da ake yawan yi a nan, kuma ba ya nuna kansa a gareji. Yawancin fankokin nan in ka musanya wayoyinsu biyu sai su juya baya, shi ya sa ake sayar da su a ce suna yin gaba suna yin baya. Amma fiffiken yana da fuska. In ka juya waya ba ka cire fiffike ka kifa shi ba, za ta kaɗa iska ta inda kake so, amma rabin ƙarfi. Mafi muni shi ne a haɗa ta tana hura iska gaba, tana kokawa da iskar gudu: a tsaye komai lafiya, da an fara tafiya a hankali sai iskokin biyu su kashe juna, allura ta tashi. Gwajin ba ya cin komai. Ka kunna ta, ka riƙe takarda a gaban ragar hanci. Dole ta manne.

Game da lambobin da ake rubutawa a kwali na yawan iskar da fanka ke kaɗawa, ka karanta su da ido ɗaya. Galibi ana auna su ne fanka na juyi a fili ba komai a gabanta, alhali taka za ta yi fama ne da saƙa mai kauri. Amfiyar da take sha ta fi faɗin gaskiya: wadda aka ce tana da ƙarfin guguwa amma amfiya 5 kawai take sha, da sake. Miƙaƙƙen fiffike ya fi kaɗa iska ya kuma fi ƙara, lanƙwasasshe ya fi shiru, kuma a motar da ba ta da rufi ina ganin shirun ya cancanci a duba shi. Ka ɗauki mafi faɗin da zai zauna cikin saƙar ba tare da ya hau kan tankunan ba. Kamfanoni irin su Spal na Italiya da Davies Craig na Ostireliya suna fitar da jadawalin kauri da faɗi da amfiya na kowace fanka, a nan ake yin zaɓi, da awo a hannu.

Wajen ɗaurawa kuwa ba ni da dogon zance. 'Yan igiyoyin roba da ake sokawa ta cikin saƙa suna da sauƙi, minti goma an gama, amma nauyin fankar da girgizar hanya duk a kan siraran bututan jan ƙarfe suke sauka, waɗanda dalma kawai ke riƙe da su. Wata rana za su goge su huda. Maɗaurin ƙarfe da ke kama gefen lagireto ko firam ɗinsa shi ne aikin da ba a maimaitawa. Kuma bakin gidan fankar ya matso saƙar sosai, da ɗan soso ko roba a tsakani, in ba haka ba ta gefe za ta riƙa zuƙo iska ta bar lagireto da zafinsa.

Yanzu ga inda ainihin zaɓin yake, abin da zai riƙa kunna ta. Fanka mai tsada da makunni marar kirki ba ta kai fanka matsakaiciya da makunni amintacce ba.

Makunnin hannu shi kaɗai a dashbod ba na ƙirga shi cikin zaɓi. Ranar da hira ta yi daɗi ko ka ba wani aron motar, ranar za a manta.

Na farko kuma mafi sauƙin hali shi ne makunnin zafi da ake murɗawa a jikin lagireto, hancinsa na cikin ruwa. A cikinsa wani ɗan faifan ƙarfe biyu ne da ke lotsawa in ya ji zafi ya haɗa wuta, ya sake in ya huce. Girman haƙoransa da ya fi yawa a motocin Turai shi ne M22 x 1.5, kuma a jikinsa ake buga lambobi biyu, misali 92 da 87: ya kunna a digiri 92 na ma'aunin Celsius, ya kashe a 87. Wannan tazarar ita ce ke hana fanka ta riƙa tashi tana mutuwa kowane daƙiƙa biyar. Ba shi da abin murɗawa, ba a saita shi, in lambar ba ta yi maka ba sai ka sayi wani mai wata lamba, kuma ba su da tsada. Wahalarsa ɗaya ce, tsohon lagireto ba shi da ramin da za a murɗa shi, sai an kai wa mai gyaran lagireto ya like masa mazauni da dalma. In dama za a sauke lagireton don wanki ko sabuwar saƙa, to faɗuwa ta zo daidai da zama.

Na biyu shi ne mai siririn bututun jan ƙarfe da ɗan kwalba a ƙarshensa, irin wanda kamfanin Kenlowe na Ingila ya yi suna da shi, har masu tsofaffin motoci a can kan kira kowace fankar lantarki da sunan. Ana cusa kwalbar cikin tiyon sama, bututun ya fito ta ƙarƙashin bakin tiyo a kan wata 'yar roba, a matse da kilif. Abin sha'awarsa yana da maɓallin murɗawa, kana iya saita zafin da kake so, ba ya bukatar wutar kansa, kuma bai damu da wane kan batir aka ɗaure a bodi ba. Kamanninsa ma sun dace da zamanin motar. Raunin wannan ƙira, ko ta wane kamfani ce, shi ne wurin da bututun ya ratsa bakin tiyo: in ba a zaunar da robar da kyau ba yakan yi tsatsafa, kuma duk ranar da aka cire tiyo sai an sake lallaɓa shi. Bututun kuma ba ya son lanƙwasa da yawa, in ya tsage abin da ke ciki ya fita, makunni ya mutu ba sallama.

Na uku wani ɗan tsinke ne da ake sokawa tsakanin siraran gwangwanayen saƙa. Ba a zubar da ruwa, ba a yanka komai, shi ya sa yake da farin jini. Amma ba zafin ruwa yake ji ba, zafin ƙarfe da na iskar da ke wucewa yake ji, kuma fankar da yake kunnawa ita ke hura shi. Ranar sanyi da ranar zafi ba daidai zai riƙa kunnawa ba. In ya yi sako-sako ya zame, fanka ba za ta tashi ba sam. Ga mataimakiyar fanka a motar da ke da ta injin, zan iya haƙuri da shi. A motar da rayuwar injinta ta rataya a kan fankar lantarki kaɗai, ba zan yarda da shi ba.

Na huɗu guntun bututun alminiyam ne da ake yanka tiyo a sa a tsakiya, a matse da kilif biyu. Wasu na zuwa da rami don ka murɗa makunni irin na farko, wasu kuma, kamar na kamfanin Revotec, da na'urar lantarki mai saiti a jikinsu. Wannan ya haɗa alherin biyu: hancin na cikin ruwa sosai, kuma ba a taɓa lagireto ba. Abin da yake nema shi ne miƙaƙƙen wuri a tiyo mai ɗan tsawo, wanda a wasu motocin da ƙyar ake samu, da kuma awon cikin tiyo daidai da milimita. Ga wani tarko: in makunnin da ka murɗa mai waya ɗaya ne, wanda ke samun hanyar komawar wuta ta jikinsa, ba zai yi aiki ba, domin roba ce gaba da bayansa. Ko ka ja waya daga jikin bututun zuwa bodi, ko ka sayi mai waya biyu tun farko.

Na ƙarshe shi ne na zamani, akwatin lantarki da ke tada fanka a hankali ya riƙa ƙara mata gudu gwargwadon zafi, maimakon kunnawa da kashewa. Yana hana fizgar wutar da fanka ke yi lokacin tashi, wadda kan ninka abin da take sha sau biyu ko uku na ɗan lokaci, kuma allura takan tsaya cak wuri ɗaya. Ga mota irin Sunbeam Tiger, wadda aka cusa wa injin Ford mai silinda 8 a ɗakin da aka gina don mai 4, kuma take bukatar fankar da ke shan amfiya 20 ko fiye, yana da ma'ana. Ga mai silinda 4 da fankar amfiya 8, kashe kuɗi ne a kan ciwon da babu, kuma ka ƙara wani akwati da ba ya gyaruwa a gefen titi.

Duk abin da ke da na'urar lantarki a ciki, na huɗu mai saiti da na ƙarshe, ka fara duba wane kan batir ne ke ɗaure a bodin motarka. MGB har zuwa ƙarshen 1967, E-Type mai injin 3.8, da Austin-Healey 3000, fozitif ne a bodi, in ba wani ya riga ya juya ba. Galibin na'urorin nan don negetif a bodi aka yi su, kuma haɗin kuskure sau ɗaya ya isa ya ƙone su. Akwai waɗanda aka yi musamman don fozitif, sai an tambaya. Ita fankar kanta, mai waya biyu, da makunnan da ba na'ura a cikinsu, ba ruwansu.

Inda makunni zai zauna, sama ko ƙasa, shi ma gardama ce da ba ta ƙarewa tsakanin masu motocin nan. Tiyon sama yana ɗauke da ruwan da ya fito daga injin, mafi zafi. Tiyon ƙasa yana ɗauke da wanda lagireto ya gama sanyayawa. Mai sa shi a sama yana cewa zafin injin nake son in sani. Mai sa shi a ƙasa yana cewa aikin fanka taimaka wa lagireto ne, to a tambayi lagireto ko ya gaza. Ni hujjar da ta fi rinjayata wata ce daban: in ruwa ya ragu, sama ce ke fara bushewa, kuma makunnin da ke rataye cikin iska ba ya jin zafi yadda ya kamata, sai fanka ta yi shiru a ranar da injin ke dahuwa. Na ƙasa kullum a nutse yake. Sai dai lambarsa dole ta yi ƙasa da ta na sama da digiri kaɗan, tunda ruwan can ya riga ya huce. In a sama wuri ya samu, ba komai, amma kada ya zama a ƙololuwar da iska ke taruwa.

Lambar kuma daga tamostat ake ɗaukarta, wato 'yar ƙofar da ke hana ruwa zuwa lagireto har sai injin ya yi zafi. Waɗannan motoci sukan zo da mai 74 ko 82 ko 88, kuma wannan lambar inda yake fara buɗewa ce, ba ya gama buɗewa sai an ƙara kamar digiri 10. Da tamostat mai 82, makunni a sama mai 92 da 87 ya yi daidai. Wanda tsoro ya sa ya saita fankarsa ta kunna a 80 ya haɗa su faɗa ne: tamostat na ƙoƙarin riƙe zafi, fanka na ƙoƙarin zubar da shi, ba za ta taɓa mutuwa ba, ko a kan babban titi. Kuma 92 ba abin firgita ba ne. Ko murfin lagireto mai matsin fam 7 irin na MGB ta farko yana ɗaga tafasar ruwa zuwa wajen digiri 111. Kada ka yi saiti da agogon dashbod kaɗai. A motocin da agogonsu na lantarki ne akwai wata 'yar na'ura a bayan dashbod da ke riƙe musu wuta a bolt 10, in ta lalace agogon zafi da na mai duka sai su yi ƙaryar hawa. Ma'aunin zafi na haskawa daga nesa, a kan gidan tamostat, shi zai raba gardama.

Haɗin waya ba wurin zaɓi ba ne sosai: rile da fis, ba makawa. Rile wani makunni ne da ƙaramar wuta ke sa shi ya haɗa babbar wuta. A ƙafafun rile akwai lambobi. Ta 30 tana karɓar wuta mai kauri daga batir ta cikin fis, 87 ta kai wa fanka, 85 da 86 kuma su ne ɗan kwayil ɗin da makunnin zafi ke sarrafawa da wutar da ba ta taka kara ta karya ba. A motocin Ingila launin waya yana magana: ruwan ƙasa wuta ce kullum ba fis, shunayya wuta kullum da fis, fara ta makulli ba fis, koriya ta makulli da fis, baƙa ta bodi. A MGB batir na bayan kujeru, don haka ba sai ka ja waya har can ba, ka ɗauka daga inda wayoyi masu ruwan ƙasa suka haɗu a solanoyid na kik, ka sa fis kusa da wurin. Ga fankar amfiya 10, waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 da fis na 20 ko 25 sun isa su shanye fizgar tashi. Kada ka rataya fankar kai tsaye a koriyar waya. Akwatin fis ɗin motar, mai fis biyu ko huɗu kacal, ba don wannan aka yi shi ba, ballantana makullin da ya shekara hamsin. Ga kuma wani abin al'ajabi: fankar da ke ci gaba da juyi bayan an kashe makulli takan zama ɗan dainamo, ta mayar da wuta cikin layin, injin ya ƙi mutuwa na 'yan daƙiƙu. Rile ke raba su.

Abin da ya rage a zaɓa shi ne inda ɗan kwayil ɗin rile zai sha wuta. In daga koriya ne, fanka na mutuwa tare da makulli. In daga shunayya ne, za ta ci gaba bayan ka fita har ruwa ya huce. Masu son na biyu suna da hujja: da an kashe injin famfon ruwa ya tsaya, zafin da ke cikin ƙarfe ya taru, allura ta haura fiye da lokacin tafiya. A MGB kafiretocin SU suna zaune ne a saman bututun hayaƙi, gefe ɗaya, shi ya sa mai ke tafasa a cikinsu mota ta yi gardamar tashi bayan tsayuwar minti goma, kuma iskar da ke ratsa ƙarƙashin bonet tana rage wannan. Amma ruwan da fanka ke sanyayawa a lokacin na lagireto ne, kaɗan ne ke zagayawa cikin injin. Kuma in makunni ya maƙale cikin dare, da safe ba batir. Ga haɗarin yatsu, fankar da ke iya tashi da kanta makulli na aljihunka. Mai dainamo ya ɗauki koriya ya huta. Mai altaneta da lafiyayyen batir da motarsa ke gardamar tashi da zafi zai iya gwada shunayya, ko ya nemi na'urar da ke yanke wuta bayan minti ɗaya ko biyu.

Da a ce tawa ce, mai silinda 4 ko 6 da altaneta, zan cire ta injin, in sa mai zuƙowa a kan maɗaurin ƙarfe, da makunnin murɗawa mai waya biyu a ƙasan lagireto ko cikin bututun alminiyam, rile na shan wuta daga koriya. Sannan in ƙara makunnin hannu a ƙarƙashin dashbod, a haɗa shi da na zafi ta yadda kowannensu zai iya tada rile shi kaɗai, da 'yar fitila da ke nuna fanka na aiki. Amfaninsa biyu: in ka hango cunkoso daga nesa ka riga zafi, in kuma na zafi ya mutu ka isa gida.

In an gama, a cika ruwa, a fitar da iska, a bar mota tana sulo da bonet a rufe, don a buɗe ba haka iska ke yawo ba. Ka jira ta kunna. Abin da kake jira na gaske shi ne ta mutu da kanta bayan minti ɗaya ko biyu, ta sake tashi, har sau uku. In ta tashi ta ƙi mutuwa, ko lambar makunni ta yi ƙasa, ko fankar ta yi ƙanƙanta, ko lagireton ne ba shi da lafiya tun asali. Maimaita gwajin da fitilu a kunne kana kallon jar fitilar caji. Tsohuwar fankar da kusoshinta ka ɗaure su wuri ɗaya ka ajiye, mai sayen motar wata rana zai tambaye su. A aljihun dashbod kuma ka jefa fis ɗaya, rile ɗaya, da guntun waya mai baki biyu wadda za ta iya haɗa ƙafafun makunnin zafi.